Amarya Babu Turare

"Tsaya daga nan, Sauda... don Allah tsaya daga nan!"

Ƙafata ɗaya na cikin falon, ɗaya na waje, kwanon sinasir a hannuna. Na tsaya ina kallon Mikail, mutumin da saura mako biyar a ɗaura mana aure. Ya miƙe daga kan kujera ya manne da bango kamar wanda ya ga kububuwa.

"Yau ma?" na ce. "Karo na uku ke nan, Ya Mikail. Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba."

"To dube ni mana!"

Ya juya fuskarsa wajen taga.

"Idan ka fasa, ka faɗa min da bakinka. Ni 'yar unguwar Shehuri ce, ba a yi min kora da hali!"

Na ƙara taku ɗaya. Sai kawai ya toshe bakinsa, ya fice ta ƙofar baya da gudu. Daga inda nake ina jin yadda yake kakarin amai a gindin dogon yaro, kamar zai fitar da hanjinsa.

Ummansa ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Yi haƙuri, 'yata. Maganin ne."

"Umma, ke kina shiga wurinsa, abokansa suna shiga. Ni kaɗai maganin ya sani?"

Na ajiye kwanon a bakin ƙofa, na gyara lafayata, na fito na tari keke. Ban yi kuka ba sai da muka bar unguwarsu, Wulari.

Shekara biyu da suka wuce Mikail ya zo gidanmu haɗa mana sola. Yana kan rufi na wuce ta tsakar gida, sai na ji ya ce wa abokin aikinsa, "Wannan ƙamshin zai sa mutum ya faɗo." Mahaifiyata, Hajja Fanna, ita ke haɗa turaren wuta da humrar da amaren rabin Maiduguri ke tafiya da su gidan miji. A cikin hayaƙin kaskonta aka haife ni, a cikinsa na girma. Daga ranar ya raɗa min suna 'Yar Kasko. Ya kan ce ko an rufe masa ido zai tsamo ni a tsakiyar Kasuwar Monday.

An sa mana rana, sai idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Aka yi hoto, aka ga ƙari a pankiriyas, wata tsoka da ke bayan tumbi tana taimakon narkar da abinci. Ciwon daji. Likitoci suka ce mun yi sa'a an gan shi da wuri. Suka yi masa aiki na awa bakwai, suka cire, suka ɗinke. Aka ɗaga bikinmu. Da ya ɗan murmure aka ce saura kemo: ƙarin ruwan magani sau goma sha biyu, duk bayan mako biyu, don a kashe abin da ido bai gani ba.

Ya yi biyar. Ya rame har agogonsa na zamewa. Abinci na masa ɗanɗanon ƙarfe. A wannan zafin na Maiduguri da ke soya ƙwai a kan mota, idan ya taɓa ruwan sanyi sai ya ji kamar lantarki ya ja shi. Duk wannan na sani, kuma na shirya masa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ya riƙa guduna.

Na tarar da Hajja a tsakar gida, tana juya itacen sandal cikin narkakken sukari, mata biyu na daka kajiji. Kallo ɗaya ta yi min.

"Ya sake?"

"Ya sake, Hajja."

"Kin shafa humrar da na ba ki?"

"Na shafa."

"A ina da ina?"

"Wuya, hannu, gashi, har lafayar na turara."

Ta girgiza kai. "To ba ta isa ba. Namiji ba ya gudun mace sai an shiga tsakani, ko ita ta saki jikinta. Ko wanne ne, maganinsa na cikin ɗakin nan." Ta shiga, ta fito da wata 'yar kwalba baƙa. "Wannan shekararta tara tana tsumuwa. Ita na shafa wa 'yar Alhaji Abdulnasir da mijinta ya yi wata uku bai leƙa ta ba. Yanzu 'ya'yansu huɗu."

"Hajja, shi fa ba shi da lafiya..."

"Mara lafiya ba shi da hanci? Ran Asabar za a fara miki gyaran jiki. Dilka da hayaƙi, kwana talatin cur. Ranar da aka kai ki, ko bangon ɗakinsa sai ya san 'yar wa aka kawo."

Na karɓi kwalbar. Wallahi da zuciya ɗaya na karɓa.

Washegari, Laraba, wayata ta yi ƙara da hantsi.

"Ke ce Sauda? Ni ce Sista Dorothy, daga ɗakin kemo. Mutuminki ya rubuta sunanki, ya ce duk abin da ya shafe shi a neme ki. To bai zo ba ran Litinin. Na kira shi, wai ya dakata sai bayan biki."

"Ya dakata da me?"

"Da maganin. Zo mu yi magana."

Ban san lokacin da na isa asibitin ba. Na nufi ƙofar ɗakin kai tsaye, sai wata gajeriyar mata mai farin kaya ta tare ni da hannu biyu.

"Kai, kai, kai! Ina za ki da wannan? So kike ki kwantar min da mutum goma sha ɗaya lokaci guda? Koma baya!"

"Ni ce Sauda..."

Ta tsaya. Ta shinshina iska. Ta dube ni daga sama har ƙasa, sannan ta dafa ƙugu.

"To! Yanzu na gane. Zo nan."

Ta ja ni gindin wata bishiya, nesa da tagogi.

"Na tuna ki. Ranar farko ke kika rako shi. Da aka sa masa ruwan, ya ce warin asibiti na damunsa. Me kika ba shi?"

"Hankicina..."

"Da me a jiki?"

"Humra."

"Ya riƙe shi a hanci har ruwan ya ƙare. Karo na biyu ma da shi ya zo. Saurara, ƙanwata. Maganin nan yana ƙara wa hanci kaifi, ƙamshin da mutum ke so sai ya koma masa abokin gaba. Shi kuma nasa ya fi haka. Jikinsa ya haɗa turarenki da tashin zuciyar maganin, ya ɗaure su wuri guda. Da ya ji ɗaya, ɗayan ya taso. A gidansu wa ke sa turare?"

"Babu. Ummansa ko kasko ba ta ajiyewa, yana tayar mata da tari."

"To kin gani. Ke kaɗai ce."

Na zauna a kan tushen bishiyar. Kullum ya ja baya sai in ƙara. Ya ƙara ja, in ƙara kan ƙari. Da hannuna nake korar sa, ina zarginsa da gudu.

"Me ya sa bai faɗa min ba?"

Dorothy ta yi dariya. "Ya ce wa 'yar Hajja Fanna turarenta na sa shi amai? Ni kaina da humrar uwarki aka kai ni gidan mijina Manasse. Wa zai iya?" Sai fuskarta ta canza. "Amma ji nan. Likita ta ce jinkirin mako ɗaya ana iya ɗauka. Mako biyar, shida, wasa da rai ne. An sha wahalar aikin nan, kada a bari ciwon ya sami ƙofar dawowa. Ki kawo min shi ran Litinin, ƙarfe takwas."

Na miƙe, na kakkaɓe lafayata.

"Zai zo."

"Kin tabbata?"

"Ko a kafaɗa ne, Sista."

Da na koma gida na ajiye baƙar kwalbar a gaban Hajja, na zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ludayin juyi a hannunta.

"Wato wata nas ce ta ce turarena cuta ne."

"Ba haka ta ce ba. Ta ce jikinsa..."

"Shekara arba'in ina wannan sana'a! Uwata ta yi, kakata ta yi. An turara wa mai jego, an turara wa mai jinya, an turara wa gawa. Yau ne zai zama guba?"

"Hajja, ba za a yi min gyaran jiki ba. Ba dilka, ba hayaƙi, ba humra. Haka za a kai ni."

Matan da ke daka suka tsayar da taɓarya.

"Me kika ce?"

"Haka za a kai ni."

"Ni? Ni Fanna in kai 'yata gidan miji tana warin sabulu kamar wadda aka sallamo daga kurkuku? 'Ya'yan wasu su tafi da ƙamshina, tawa ta cikina ta tafi fayau? Me za a ce a Shehuri? A ce mai turare ta san abin da take sayarwa, shi ya sa ta hana 'yarta!"

Na durƙusa a gabanta.

"Ki gafarce ni, Hajja. Sunanki yana da nauyi a wurina, Allah ya sani. Amma suna idan ya faɗi ana ɗaga shi. Shi idan ya faɗi fa?"

Ta juya min baya. "Muddin kina cikin gidan nan, kasko ba zai mutu ba."

"To ki ba ni izini in je wurin Kawu."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ɗauki shirun a matsayin izini.

Kawu Ajimi, yayan Hajja, yana zaune a unguwar Abbaganaram. Tun da matarsa ta rasu ba a sake hura kasko a gidansa ba. Ban ɗauki ko ɗankwali daga ɗakina ba. Na biya kasuwa na sayi atamfa biyu, farar lafaya, da sabulun salo. Na tsefe kitsona, na shiga wanka.

Ashe ƙamshin shekara ashirin da shida ba ya fita da wanka ɗaya. Yana cikin gashi, yana ƙarƙashin farce, idan na yi gumi sai ya sake tsattsafowa. Sau huɗu nake wanka a rana. Duk na fito sai in tsaya a gaban Kawu, ya ajiye carbinsa, ya miƙo hanci.

"Har yanzu Shehuri nake ji."

Washegari: "An bar Shehuri, amma ba a yi nisa ba."

Ran Asabar da yamma ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ce, "La'ilaha illallahu! Yau kam kamar ba kowa a wurin. Je ki, Allah ya ba da sa'a."

Lahadi da hantsi na shiga gidansu Mikail. Umma ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗora yatsa a leɓena. Yana zaune a inuwar dogon yaro, ya ba ƙofa baya, da safa a ƙafarsa cikin wannan zafin. Yana ƙoƙarin ɗaure wani ɗan kusa a jikin fitila, sukudireba na suɓuce masa, don yatsunsa sun daina ji sosai.

Na tako har bayansa. Taku ɗaya tsakaninmu. Bai motsa ba.

"Umma, miƙo min ruwan ɗumin nan," ya ce.

Na ɗauki kofin na miƙa masa ta kan kafaɗa. Ya karɓa, ya ga hannun, ya ga zoben da ya saya min. Ya juyo a firgice, hannunsa ya nufi bakinsa tun kafin ya yi tunani... sai ya tsaya. Ya ja numfashi kaɗan. Ya sake ja.

"Sauda?"

"Wai kai ne za ka tsamo ni a Kasuwar Monday ido rufe? Ga ni a bayanka kana ce min Umma!"

"Me kika yi wa kanki?"

"Wanka. Sau goma sha uku. Tambayi Kawu."

Idanunsa suka ciko. Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kai ba dai. Ya Mikail, ka zaɓi ka bar maganinka a kan ka faɗa min kalma ɗaya?"

"Ta yaya zan faɗa? Ƙamshin nan na biyo har na same ki. Shi ne ke, shi ne Hajja, shi ne gidanku. In ce miki shi ke juya min ciki? Na ce bari in dakata mako shida, jikina ya huta, ranar da aka kawo ki in tarbe ki kamar kowane ango. Ba na so amaryata ta shigo ni kuma ina gindin bishiya..."

"Mako shida! Kai likita ne?"

"Sauda..."

"Saurara, masoyina." Na zauna a kan tabarmar, kusa da shi, kusancin da rabonmu da shi ya kai wata biyu. "Ni ba ango mai kyan tarba nake nema ba. Miji nake so, wanda za mu tsufa tare yana damuna da surutun batir. Gobe ƙarfe takwas kana asibiti. Idan ba ka je ba, ni da kaina zan ce wa Kawu a mayar muku da kayanku."

"Za ki iya?"

"Gwada ni."

Sai murmushin nan nasa ya dawo, wanda na yi zaton maganin ya cinye.

"Amma fa kin yi kama da malamar firamare."

"Sha ruwanka kafin ya huce!"

Ran Litinin ƙarfe takwas saura muna bakin ɗakin kemo. Dorothy ta shinshina ni, ta ɗaga min babban yatsa.

Daga ranar na zama ɗalibarta. Duk abin da ta faɗa sai in rubuta a bayan katinsa. Maganin hana amai a sha shi a kan lokaci, kada a jira zuciya ta tashi. Abinci kaɗan-kaɗan sau shida, ba tuli sau uku ba, kuma kowane da ƙwayar narkar da abincin da aka rubuta masa, tunda an rage masa pankiriyas. A bar abinci ya huce, don tururi ma wari ne. Na ɓoye cokulan ƙarfe, na sayo masa koshiyar itace, ɗanɗanon ƙarfen ya ragu. Kunun gyada marar mai, da ɗan citta. Ardeb, ruwan tsamiyar da yake so da ƙanƙara, yanzu da ɗumi yake shan sa yana ɓata fuska. Na ɗaure hannun firij da tsumma saboda sanyinsa. Na sayi ma'aunin zafin jiki, don an ce in zazzaɓi ya zo ko gudawa ta ƙi tsayawa, asibiti kai tsaye, ba a jiran gari ya waye.

Kullum da safe in zo daga Abbaganaram, la'asar in koma. Hajja ba ta kira ni ba.

Ran Alhamis, rana ta uku bayan ruwan, ranar da ya fi jigata, muna zaune a falo da Umma sai muka ji sallama. Tun kafin in ga mai ita hancina ya gaya min. Hajja ce, cikin lafayarta ta fita unguwa, wadda ke kwana a kan kasko.

Na miƙe da sauri. "Hajja, don Allah daga waje..."

"Matsa min. Wurin wanda ya raba ni da 'yata na zo."

Mikail ya ɗaga min hannu alamar in bari. Ya sauko daga kujera, ya durƙusa har ƙasa.

"Wushe, Hajja. Sannu da zuwa."

Ta zauna dab da shi, ta fara. Ta faɗi yadda ta raine ni ita kaɗai bayan rasuwar Baba. Ta faɗi sunan uwarta da na kakarta. Ta ce idan ba ya so na ya fito fili, ya daina fakewa da turare. Shi kuwa yana durƙushe, kansa a ƙasa, yana cewa, "Haka ne, Hajja... ki yi haƙuri, Hajja."

Ina kallon gumi na tsattsafo masa a goshi. Leɓensa ya yi fari. Ya damƙe gefen tabarma har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Yana haɗiye yawu, yana haɗiyewa, amma ya ƙi tashi, don ba a tashi a bar suruka tana magana.

Hajja ta tsaya a tsakiyar zance. Mace ce da ta san fuskar mutum.

"Kai... lafiya?"

"Ki gafarce ni, Haj..."

Bai kai ƙofa ba. A bakin dokin ƙofar ya zube a kan gwiwoyinsa, abin ya kece masa, ɗan kunun da na yi awa guda ina lallashinsa ya sha ya dawo duka. Hannunsa ɗaya na dafe da wurin ɗinkin. Ni da Umma muka riƙe shi.

Hajja ta taso za ta taimaka. Tana matsowa, ya sake kakari. Ta tsaya cak. Ta ja baya taku ɗaya. Ta sake ja. Ta yi ta ja har sai da ta kai bakin ƙofar gida, ta tsaya cikin rana tsaka, tana kallon lafayarta kamar yau ta fara ganin ta.

Da ya lafa na fito na same ta. Ban taɓa ganin hawayen Hajja ba sai ranar.

"Tun shigowata yake riƙe da shi?"

"E, Hajja."

"Don kunyata?"

"E."

Ta share fuska da bayan hannu. "Yaron da zai haɗiye wannan don kada ya kunyata ni, ba zai wulaƙanta min 'ya ba." Ta ja numfashi. "Kada ki dawo gida. Bangon gidan nan ko shekara aka yi ana wanke shi ba zai daina ƙamshi ba. Daga gidan kawunki za a ɗauke ki. Wane sabulu kika ce kin yi amfani da shi?"

An ɗaura aurenmu mako guda bayan ranar da aka sa a karo na biyu. Sista Dorothy ce ta zaɓi ranar, ƙarshen zagaye na takwas, lokacin da jikinsa ke dawowa. Kawu ya ce tun da yake bai taɓa ganin auren da nas ta sa wa rana ba. An ce a rage taro saboda jininsa ba ya iya faɗa da cuta, don haka mutum talatin kawai aka gayyata.

Amma abin da Maiduguri ba ta manta ba shi ne mai tsaron ƙofa. Hajja Fanna da kanta, cikin sabuwar atamfa fayau, ta kafa kujera a bakin gidan Wulari. Duk macen da ta zo sai ta sunkuya an shinshina ta.

"Ke, sandal ne wannan, kuma nawa ne. Koma ki yi wanka."

"Haba Hajja, jiya na shafa!"

"Shekaranjiya ma zan ji. Wuce! Ke kuma, kin wanke jiki kin bar ɗankwali. Cire shi!"

Wata ƙawarta ta ce, "Fanna, ba ki ji kunya ba? 'Yarki guda, a kai ta babu ko hayaƙi?"

Hajja ta dube ta. "Kowace amarya da na turara, don mijinta ya matso na yi. Tawa ma don haka na hana. Sana'ar ɗaya ce."

Haka aka kai ni, amarya babu turare. Kuma angona ya tarbe ni a tsaye.

Sauran huɗun ba su zo da sauƙi ba. A na goma jininsa ya yi ƙasa, aka ɗaga mako guda. A na sha ɗaya likita ta rage ɗaya daga cikin magungunan saboda yatsunsa. Akwai ranar da ya ce ya gaji, na ce ya gaji ɗin amma a cikin keke, mu tafi. Ya gama sha biyunsa cif. Wata biyu bayan nan aka yi hoto, likita ta ce ba ta ga komai ba, amma za a ci gaba da dubawa duk bayan 'yan watanni. Muka ce alhamdulillahi, mun karɓa.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, Hajja ta zo da ƙaramin kasko da wani ɗan gwangwani.

"Hajja, Sista ta ce wataƙila tsohon ƙamshin ba zai taɓa..."

"Wa ya ce miki tsohon ne? Wata biyar ina haɗa wannan. Babu sandal, babu kajiji, babu ko ɗaya daga abin da uwata ta koya min. Saiwar jema ce da ɓawon lemo, da wani abu da ba zan faɗa ba. Hancinsa bai taɓa jin sa ba, balle ya riƙe shi da laifi." Ta dubi Mikail. "Idan ka ji wani abu, ɗaga hannu kawai. In zuba masa ruwa, in koma in sake."

Muka fita tsakar gida. Ya zauna a gindin dogon yaron nan. Ni na tsaya can nesa da kaskon, Hajja ta ɗebi ɗan mitsitsi ta sa a kan garwashi. Hayaƙin ya tashi siriri, ya ratsa lafayata, iska ta ɗauke shi zuwa wurinsa.

Ba wanda ya yi motsi. Umma na riƙe da bokiti a ɓoye a bayanta.

Mikail ya rufe ido. Ya ja numfashi kaɗan. Ya jira. Ya sake ja, wannan karon har ƙirjinsa ya cika.

Hannunsa ya ɗaga. Hajja ta kai hannu ga butar ruwa.

Ashe ba ita yake ɗaga wa ba. Ni yake miƙo wa.

"Me kike yi can nesa?" ya ce, idonsa har yanzu a rufe. "Matso kusa, 'Yar Kasko."